Neman babur ɗin ƙanƙara, daga Chibougamau zuwa Valcourt

Sai da na ci hunturu biyu a Chibougamau kafin na yarda cewa zaman garin nan ba ya daɗi idan mutum ba shi da babur ɗin ƙanƙara. Garin, wanda ake furta sunansa Shibugamo, yana can arewacin lardin Kebek na ƙasar Kanada. Mutanensa ba su kai dubu takwas ba, kuma daji da tafkuna sun kewaye shi ta ko'ina. Aiki ne ya kawo ni daga Damagaram, a wata masana'antar katako. Daga Nuwamba har Afrilu ƙasa fara take fat. Ranar Asabar da safe sai ka ji unguwa ta ɗau ƙugi, kowa ya ja abin hawansa ya shige daji, ni kuwa ina bakin taga da kofin shayi kamar mai takaba.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba: ka ɗauki babur, ka cire tayar gaba ka sa dogayen takalma biyu masu santsi da ake kira siki, ka cire ta baya ka sa sarƙar roba mai haƙora irin ta katafila. Ba kulochi, ba canjin giya da ƙafa. Da babban yatsan dama ake ba shi wuta, birki kuma a hagu. A takarda motoneige ne sunansa da Faransanci, amma a baki kowa skidu yake cewa, ko wane kamfani ya ƙera shi, kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo.

Maƙwabcina ne ya sa mini ƙwaɗayin. Dattijo ne da ya haura saba'in, ya yi aikin haƙar ma'adinai har ya yi ritaya, yana da bukkar katako a bakin wani tafki, tafiyar kamar kilomita 30 cikin daji. Baba nake ce masa. Da farko ya zaci na manta sunansa ne, da na yi masa bayani sai ya ce a bar shi a haka. Ya goya ni zuwa bukkar sau biyu, muka huda ƙanƙarar tafkin muka kama kifi, muka dawo da itace a kan wani akwatin ja da yake ɗaurawa a baya. Daga nan na fara kwana a intanet ina kallon hotuna, har na yi zaɓina: wani dogo siriri mai launin ruwan goro, irin wanda samari ke hawa tsaunuka da shi suna tayar da ƙura fara. Na kai wa Baba hoton da zumuɗi. Ya sa gilashinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ina za ka da shi? Kai da wa? Me za ka ja?"

Na ce bukkarsa, ni da ɗana, wani lokacin da uwarsa, abin ja kuwa itace ne da kayan kamun kifi.

Ya miƙo mini wayata bai ce komai ba. Bayan kwana biyu ya buga mini ƙofa ya ce zai je ganin 'yarsa a Sherbrooke, zai ja tirelarsa ba komai a kai, idan ina so in zo mu duba 'yan babura a hanya.

Mun tashi da asuba a makon farko na Disamba, sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili. Hanya mai lamba 167 ce ke fitar da mutum daga garinmu zuwa kudu, kilomita 230 ko kusa da haka kafin a kai Saint-Félicien, kuma galibinta cikin gandun dajin Ashuapmushuan take ratsawa. Ba gari, ba mai sayar da shayi, waya ma takan ɗauke. Abin da kake haɗuwa da shi manyan motocin katako ne da ke watsa maka dusar ƙanƙara a gilashi, da allunan gargaɗi masu hoton wata dabba da suke kira orinyal, wadda za ka ce barewa ce aka ba jikin raƙumi. Baba bai cika magana a tuƙi ba. Ni ma na yi shiru ina lissafin kuɗina.

Babur na farko da muka tsaya gani shi ne zaɓin nawa, don na riga na yi magana da mai shi. Saurayi ne mai fara'a, ya fito da shi ƙofar gareji ya goge shi yana ƙyalli. Yana taɓa maɓalli ya tashi da ƙara mai daɗi, zuciyata ta ce an gama. Baba kuwa, kafin ma a tayar, na ga ya cire safar hannu ya buɗe murfin gefe ya ɗora tafinsa a kan injin. Da aka kashe sai ya tambayi yaron, cikin sanyin murya, me ya sa injin yake da ɗumi tun kafin mu iso. Yaron ya ce motsa shi ya yi don ya fito da shi. Baba ya gyaɗa kai, ya koma mota ya ɗauko wani ɗan ma'auni mai agogo, ya kwance fulogi ya gwada matsin kowace tukunyar injin. Ɗaya ta ba da lamba mai kyau, ɗayar ta gaza ta da nisa. Sannan ya sa muka ɗaga bayan babur ɗin, ya riƙa juya sarƙar da hannu a hankali yana ƙirga haƙoran da suka karye. Na ji ya kai bakwai. Ya durƙusa ya leƙa ƙarfen da ke rufe da sarƙar, ya nuna mini inda ya tattare kamar gwangwanin da aka taka aka miƙar.

A nan na tuna mahaifina, Allah ya ji ƙansa, wanda ya yi dillancin dabbobi. Shi ma sammako yake yi wa kasuwa, kafin masu dabba su ba ta kanwa ta sha ruwa cikinta ya cika. Ya buɗe baki ya ga haƙori, ya ɗaga ƙafa, ya sa raƙumi ya gurfana ya tashi sau biyu. Bai taɓa sayen dabba don kyan gashinta ba. Ga ni ɗansa, na tsallako teku ina shirin ba da kuɗin shekara guda saboda launin ruwan goro.

Da muka koma mota Baba ya ce ko da lafiyayye ne, ba nawa ba ne. Ya yi mini dalla-dalla. Na hawan tsauni haƙoran sarƙarsa dogaye ne, inci biyu da rabi har zuwa uku, don su yi iyo cikin dusa mai zurfi da laushi. Ka hau da su kan hanyar da aka daddaɓe, sai su yi zafi su riƙa ɓallewa. Kujerarsa ta mutum ɗaya ce, gajera, domin a tsaye ake tuƙa shi. Takalmansa na gaba a matse suke don ya yi saurin kwanciya gefe, abin da gwani ke so, sabon shiga kuma ya kife da shi. Sanyaya injinsa ma da dusar da sarƙa ke watsawa a ƙarƙashi ake yi, saboda haka idan iska ta share tafki ya zama ƙanƙara zalla, ka yi tafiya a hankali da kaya, injin zai yi zafi ana tsakiyar sanyin da ke daskarar da gemu. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Ga kuma ƙarfin dawaki 165 a ƙarƙashin yatsan mutumin da iyakar saninsa babur ɗin kabu-kabu.

A bakin tafkin Saint-Jean muka shiga wani shagon sababbi, ba don mu saya ba, don in ga iri-iri a jere. Wata mata ce ta zagaya da mu. Ga na gudu a shararriyar hanya, gajeren sarƙa inci 129 ko 137. Ga na tsauni, 154 zuwa 165, wani har ya fi. Ga na tsaka-tsaki. Ga na yawon buɗe ido mai kujera biyu da majingina da mariƙin hannu mai ɗumi. Can ƙurya kuma na aiki, masu faɗin sarƙa inci 20 har 24, alhali sauran 15 ne ko 16, ƙirarsu kamar jakin ɗaukar kaya, ba wanda ke tsayawa ɗaukarsu hoto. Ta ce inji ma iri biyu ne. Akwai mai bugu biyu, wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur kamar tsoffin baburanmu masu hayaƙi, ya fi sauƙin nauyi da zafin nama. Akwai mai bugu huɗu, wanda ake yi wa juyen mai kamar mota, ya fi nauyi amma ya fi tsimin fetur da nisan kwana.

Na tambaye ta wane kamfani ya fi. Ta yi dariya ta ce tambayar da ke raba 'yan uwa ke nan a ƙasar nan. Sunayen da aka sani huɗu ne: Ski-Doo na nan Kebek, Polaris da Arctic Cat na jihar Minnesota ta Amurka, sai Yamaha ta Japan, wadda ta sanar a 2023 cewa samfurin 2025 ne na ƙarshe da za ta ƙera. Baba ya ce shi ma'auninsa ɗaya ne: idan abu ya karye ranar Juma'a, shin makanikin garinmu yana da shi a kanta, ko sai an jira mako uku hunturu yana wucewa? Na fahimci wannan nan take, don ko a ƙauyukanmu babur ɗin da kayan gyaransa ke kowace kasuwa shi ne babur.

Farashi kuwa, manyan sababbin sun haura dala 20,000, dalar Kanada fa, ba dalarmu ta gida mai sefa biyar ba. Matar ta ce ana iya biya wata-wata. Na ce mata bashi mai ruwa ba ya cikin tsarina, ta ce to in nemi na hannu, amma in ware kuɗin hular kwano mai gilashin da ba ya hazo, da takalma, da rigar da ke hana mutum nutsewa idan ƙanƙara ta fashe da shi. Ban sa ko ɗaya cikin lissafina ba.

Mun kwana a Roberval gidan ƙanwar Baba. Ta yi abincin da yankin ke taƙama da shi, wani ƙaton fanke mai cike da nama da dankali da ke yini a tanda, amma da naman alade a ciki, don haka ta soya mini kifi dabam ba tare da na roƙa ba. Washegari muka ratsa tsaunukan Laurentides cikin iska mai tsanani, muka tsaya a L'Étape shan mai, na yi sallah a wani lungu. A wannan watan azahar da la'asar da magariba kamar suna tseren juna ne, ƙarfe huɗu duhu ya fara. Muka haye kogin Saint-Laurent a birnin Kebek, muka bi ta Drummondville, muka isa Sherbrooke da dare.

Baba ne ya nace sai mun je Valcourt, ƙasa da awa guda daga can. Ƙaramin gari ne, amma nan ne gidan Ski-Doo, kuma nan aka haifi wanda ya ƙirƙiro shi, Joseph-Armand Bombardier, a 1907. Akwai gidan tarihi da sunansa, har da garejin da ya buɗe a 1926 yana gyaran motoci. Tun yana ɗan shekara 15 ya ɗora injin tsohuwar motar Ford a kan abin ja, ya sa masa farfela a baya. A zamanin ba a share hanyoyin ƙauye da hunturu, gari yakan rufe ruf, sai doki ko karnuka. Cikin hunturun 1934 ɗansa Yvon, mai shekara biyu, ya kamu da ciwon ciki mai tsanani. Ba a iya kai shi asibiti ba saboda dusa ta toshe hanya, yaron ya rasu. Shekara uku bayan haka, a 1937, mutumin ya yi rajistar ƙirarsa ta sarƙar roba da ƙafa mai haƙora da ke juya ta, ya fito da B7, mota mai ɗaukar mutum bakwai. Likitoci da masu kai wasiƙa da limaman coci suka riƙa saye, sannan B12 ta biyo baya, har yara aka riƙa kai wa makaranta da ita.

Na daɗe a gaban B7 ɗin nan. Baƙar aba ce mai kama da ƙwaro. Wanda ya taso inda mace mai naƙuda ke hawa amalanke zuwa asibiti ba ya bukatar a fassara masa labarin Yvon.

Da gwamnatin Kebek ta fara share hanyoyin karkara a ƙarshen shekarun 1940, kasuwar manyan motocin ta faɗi, sai ya koma tunanin ƙarami na mutum ɗaya ko biyu, wanda zai maye gurbin karnuka ga mafarauta da masu awon ƙasa da 'yan mishan na arewa. Ya fito a 1959. Ana ba da labari cewa Ski-Dog aka so kiransa, wato karen siki, kuskuren buga takarda ya mai da shi Ski-Doo. Bombardier ya rasu a 1964, bai ga yadda abin nasa ya zama na wasa da tsere ba. Baba ya tsaya gaban ɗaya daga cikin na farkon, ɗan ƙarami rawaya mai takalman katako, ya ce mahaifinsa ya hau irinsa, gudunsa bai taka kara ya karya ba, amma bai taɓa barinsa a daji ba.

Surukin Baba ne ya ji labarin wani manomi a wajen garin da ke son sayar da nasa. Mutumin yana da gonar itatuwan da ake tatsa a dafa ruwansu ya zama zumar maple, da babur ɗin yake zagaya gonar. Gwiwa ta fara ba shi matsala, ɗansa kuma ya sayi wani. Baba ya sa aka gaya masa a waya cewa kada ya taɓa shi kafin mu zo. Muka same shi a rumbu, raɓa ta daskare a kan kujerar. Skandic ne, samfurin aiki na Ski-Doo, sarƙarsa mai faɗin inci 20 da tsawon 154, inji mai bugu huɗu da tukwane uku, kujera biyu, ƙugiyar ja a baya, da giya babba da ƙarama, ƙaramar don jan kaya. Fentinsa ya koɗe, gilashin gaba ya tsage an ɗinke shi da waya. Raina bai so shi ba, gaskiya.

Baba ya ɗora hannu a inji, sanyi ƙalau. Manomin ya murɗa makulli, ya yi tari sau ɗaya ya kama, ya zauna daidai ba rawa. Sai ya ɗauko wani littafin makaranta da ya yi baƙi da maiko, ya rubuta ranar kowane juyen mai da kowane bel da ya canza. Wannan karon Baba ni ya sa na yi dubawar. Na juya sarƙa, haƙora cif, gefenta bai zare ba. Na taɓa robar da sarƙar ke gogawa a kai, ta kusa cinyewa. Na kifa takalmin gaba na ga ƙarfen da ke kama ƙanƙara a kwana, shi ma ya dakushe. Na girgiza ƙananan ƙafafun da ke cikin sarƙar ɗaya bayan ɗaya, guda tana ƙara. Baba ya ce duk waɗannan kayan da ke cinyewa ne, kamar takalmin birki, kuɗinsu kaɗan, kuma su ne abin ciniki. Muka gwada lambar da ke jikin ƙarfen da ta takarda, suka yi daidai. 'Yar Baba ta duba mana a rajistar gwamnati da ake kira RDPRM ko akwai bashin banki a kansa, domin a nan bashi yakan bi babur ko da ya canza hannu. Babu.

Na zagaya gonar da shi. Nauyi gare shi, a kwana sai ka karkata jiki ka taimaka masa, amma da na sauka daga hanya na shiga dusa mai kai gwiwa, sai ya bi ta samanta kamar kwalekwale.

Wajen ciniki na kusa ɓata komai. Ya ce dala 9,500. Jinin dillali ya motsa, na taya rabi. Fuskar mutumin ta yi ja, ya fara jawo ƙofar rumbun. Ashe a nan ba a san a ce albarka a yi dariya a sake zama ba, tayin rabi zagi ne. Baba ya taka mini ƙafa, ya ce masa a ƙasarmu haka ake gaisawa. Sannan ya lissafa kayan da za a canza, ɗaya-ɗaya da kuɗinsu, ya cire daga farashin. Muka tsaya a 8,800, manomin ya ƙara mini da sabon bel na ajiya da gwangwani biyu na zumar gonarsa.

Sauran aikin takarda ne. Rajista da lamba a ofishin SAAQ, hukumar rajistar ababen hawa ta Kebek, sai izinin hawa hanyoyin ƙungiyoyin masu babur, waɗanda tsawonsu a Kebek ya kai kilomita 33,000, kuma 'yan sa-kai ne ke kula da yawancinsu. Doka ta wajabta hular kwano, gudu kuma kada ya wuce kilomita 70 a awa. Kwana biyu muka yi a hanyar komawa, ina ta waiwayen tirela.

Ba mu hau tafkin ba sai bayan mako biyu. Baba ya huda bakin gaɓa, ya zura sanda mai awo, ya ƙara gaba ya sake hudawa. Ƙa'idar da Red Cross ta Kanada ke bayarwa ita ce kauri santimita 15 ga mai tafiya a ƙafa, 25 ga babur, kuma ƙanƙara mai shuɗi garau ce mai ƙarfi, mai launin toka a guje ta. Mun sami fiye da 30. Ɗana yana bayana ya rungume ni, akwatin ja yana biye da mu.

Daf da bukkar akwai ɗan tudu. A tsakiyarsa na saki wuta don in nuna wa yaron sawun wata dabba. Da na zo tashi babur ya ƙi gaba, na danna wuta da ƙarfi, sarƙar ta haƙa rami ta zauna ciki daram. Abin da ya doshi kilo 300. Baba ya dawo, ya kashe nasa, ya zauna a kai ya buɗe fulas ɗin kofi. Ya ce in kwance akwatin, in tattake dusar gaba da ƙafa har ta yi tauri, in share ƙarƙashin matakan, in ɗaga bayan in matsar da shi gefe ya fita daga ramin, sannan in sa ƙaramar giya in ba shi wuta kaɗan-kaɗan ina tafe a gefensa. Minti arba'in na yi, gumi ya jiƙa ni sharkaf a cikin sanyin nan. Da ya fito, ɗana ya ce shi dai zai koma bayan Baba. Na sake ɗaura akwatin ni kaɗai, na bi sawunsu har ƙofar bukka.